Shi'ib: tambayoyi da amsoshi kan kalmar da Larabawa ke kiran matsattsen kwazazzabo

Duk lokacin da karatun Sira ya kawo mu kan takunkumin da Ƙuraishawa suka ƙaƙaba wa dangin Annabi (SAW), sai hannaye su tashi a aji. Wannan ya ce, "Malam, Shi'ib Abi Ɗalib ɗin nan gida ne?" Wancan ya ce kogo ne. Akwai ma wanda ya taɓa tambayata ko kurkuku ne mai ƙofar ƙarfe. Ba na ganin laifinsu, domin mun saba wuce kalmar da gudu kamar sunan unguwa kawai, alhali wanda bai san siffar wurin da take nufi ba, rabin labarin ya wuce shi. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake amsawa.

Mene ne shi'ib?

Shi'ib wata tsaga ce tsakanin duwatsu biyu, matsattsiya, wadda mutum ko raƙumi zai iya bi, ruwa ma ya bi idan an yi sama. Malaman lugga sun kawo ma'anoni uku da ke jingine da juna: abin da ya buɗe tsakanin duwatsu biyu, hanyar da ke cikin dutse, da magudanar ruwa a ƙasa mai gangare. In ka duba da kyau abu ɗaya ne aka kalla ta fuska uku. Mai kallo daga nesa tsaga yake gani, matafiyi hanya yake gani, wanda kuma ruwan sama ya rutsa da shi a ciki ya san magudana ce. Jam'inta shi'ab.

Me ya sa ake rikita ta da sha'ab, wato al'umma?

Saboda baƙaƙensu ɗaya ne: shinun, ainun, ba'un. Larabawa kuwa ba su cika sa wasali a rubutunsu na yau da kullum ba, don haka a takarda kalmomin kamarsu ɗaya. Wasalin shinun ne ke raba gardama. In ka yi masa kisira ka ce shi'ib, kana maganar kwazazzabo. In ka yi masa fataha ka ce sha'ab, kana maganar jama'a, jam'inta shu'ub. In kuma ka yi masa rufu'a ka ƙara ta'un a ƙarshe ka ce shu'uba, reshe kake nufi, jam'inta shu'ab.

A asalin Larabci ainun ɗin ɗauri ne da shi, babu wasali. Bakin Bahaushe ne ba ya son baƙaƙe su cunkushe, sai ya saƙa wasali a tsakani, kamar yadda ya mayar da "ilm" ilimi, "waƙt" lokaci. Shi ya sa za ka ji shi'ibi, ka ji shi'ibu, duk ba laifi. Laifin shi ne wanda na sha ji a wajen wa'azi, inda mai karatu zai ce "Sha'abu Abi Ɗalib", sannan mai fassara ya ce "mutanen Abu Ɗalib". Ma'anar ta yi kama da daidai, tunda da gaske mutanensa ne aka ƙaurace wa, kuma wannan ne ya sa kuskuren yake daɗewa ba a kama shi ba.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Balarabiya ce tsantsa, ba aro ba. Tushenta baƙaƙen nan uku ne, kuma ma'anar da ke yawo a cikinsu ita ce rabuwa daga wani abu, kamar yadda reshe ke rabuwa da gangar itace. Shi'ib reshen kwari ne: babban kwari na tafiya, sai wata 'yar hanya ta balle daga jikinsa ta kutsa cikin dutse. Sha'ab kuwa babbar al'umma ce da kabilu ke rassa daga gare ta. Ita ce kalmar da ta zo a Suratul Hujurat, aya ta 13, inda Allah ya ce ya sanya mu "shu'uban wa ƙaba'ila" domin mu san juna. Masana nasaba sun jera matakai shida daga sama zuwa ƙasa: sha'ab, ƙabila, imara, baɗan, fakhiz, fasila. Misalin da suka saba bayarwa shi ne Khuzaima sha'ab ne, Kinana ƙabila, Ƙuraishu imara, Ƙusayyu baɗan, Hashim fakhiz, Abbas kuma fasila.

Shu'uba ma kowane ɗalibi ya san ta ko bai lura ba, daga hadisin da ya ce imani rassa saba'in da 'yan kai ne, kunya kuma reshe ce daga imani. A Suratul Mursalat, aya ta 30, an ambaci inuwa mai shu'ab uku. Har mutuwa Larabawan da sun yi mata laƙabi daga wannan tushe, suna ce mata Sha'ub, don ita ce mai raba masoya.

Tushen ya tsufa ƙwarai. A rubuce-rubucen da mutanen Saba'a na Yaman suka sassaƙa a jikin duwatsu ƙarnoni kafin Musulunci, da waɗannan baƙaƙe ake kiran al'ummar da ke zaune a gari ɗaya.

An ce tushen yana nufin rabawa, kuma yana nufin haɗawa. Yaya haka?

Gaskiya ne, kuma wannan ne wurin da na fi so a duk maganar. Ibn Faris, wanda ya rasu a 395 bayan Hijira, ya yi ƙamus ɗin da yake mayar da kowane tushe ga ma'anarsa ta asali. Da ya iso kan shinun, ainun, ba'un, sai ya ce asali biyu ne masu saɓani, ɗaya na nuna rarrabuwa, ɗaya na nuna haɗuwa. Balarabe zai ce "sha'abtu" yana nufin na tsaga, zai kuma faɗe ta yana nufin na ɗinke. Irin waɗannan kalmomi masu ɗauke da abu da kishiyarsa suna da suna a lugga, ana ce musu addad.

Ni dai ban ga abin ya kai saɓani ba. Ku tuna da gyartai. Ƙwarya ta tsage, an kawo masa, ya bi tsagar ya ɗinke. Inda ta rabu nan ne inda ya haɗa, layi ɗaya ne. Larabawa ma suna da nasu gyartan mai gyaran akushi, sunansa sha''ab, daga wannan tushe. Akwai hadisin Anas da ya ce kofin Annabi (SAW) ya fashe, sai aka sa sarƙar azurfa a wurin "sha'ab", wato a wurin tsagar. Haka reshen itace: inda ya rabu da gangar nan ne kuma yake manne da ita. To shi'ib ma haka yake. Ya raba dutse biyu, amma shi ne hanyar da ke sada wanda ke wannan gefe da na wancan.

Mene ne bambancinta da wadi?

Wadi kwari ne mai faɗi, irin wanda gari zai zauna a ciki. Makka kanta wadi ce, kamar yadda Annabi Ibrahim ya kira ta a Suratu Ibrahim, aya ta 37: kwarin da ba shi da shuka. Shi'ib ƙaninsa ne, yana zuba a cikinsa. Sai fajj, hanya mai faɗi tsakanin duwatsu, wadda ta zo a Suratul Hajji, aya ta 27, kan mahajjata masu zuwa daga kowace hanya mai nisa. Aƙaba hawa ce mai wuya a jikin dutse. Saniyya kuma mashigi ce a saman tudu, irin Saniyyatul Wada'i ta Madina. Mutanen da rayuwarsu ta rataya kan sanin ta inda ayari zai bi da inda maƙiyi zai ɓuya ba za su yarda su kira duk waɗannan da suna ɗaya ba, kamar yadda manomin fadama ba zai haɗa jigawa da tudu da laka a kalma ɗaya ba.

To shi Shi'ib Abi Ɗalib, kurkuku ne aka jefa su?

A'a. Unguwarsu ce. Makka ta wancan zamani ƙaramin gari ne a tsakiyar duwatsu, dangi-dangi kuma sun zauna a kwarin da kuma lungunan da ke shiga cikin duwatsun. Na Banu Hashim yana gabas da Ka'aba, a gindin dutsen Abu Ƙubais ta wajen dutsen Khandama, kuma tun kafin takunkumin ana ce masa Shi'ib Bani Hashim. A nan ne mafi shaharar ruwaya ta ce aka haifi Annabi (SAW).

Abin da ya faru shi ne, bayan Hamza da Umar sun musulunta, kuma Najjashi ya ƙi mayar da waɗanda suka yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa suka ga abin yana neman fin ƙarfinsu. A Muharram na shekara ta 7 da aiko Annabi, wajen 616 ke nan, suka rubuta takarda: ba aure tsakaninsu da Banu Hashim da Banul Muɗɗalib, ba saye ba sayarwa, har sai sun miƙa Muhammadu. Suka rataye ta a cikin Ka'aba. Abu Ɗalib ne da kansa ya tattara dangin, Musulminsu da wanda bai musulunta ba, suka shige shi'ibin domin su kare ɗan'uwansu. Abu Lahab kaɗai ya ware ya bi Ƙuraishawa.

Nan ne sanin ma'anar kalmar ke aiki. Wuri mai duwatsu dama da hagu, mai baki ɗaya, yana da daɗin tsaro: mutum kaɗan sun isa su hana a shigo a yi kisan gilla da dare. Amma wannan bakin guda da ya hana maƙiyi shiga, shi ne ya sauƙaƙa wa maƙiyin sa ido kan duk buhun da zai shiga. Mafakar ce ta zama tarko. Ba a buƙaci katanga ba, ba a buƙaci kwaɗo ba. Sun ci ganyen itace da busasshiyar fata, ana jin kukan yara daga bayan dutsen saboda yunwa. Suna fitowa a watanni masu alfarma da lokacin aikin hajji, amma Abu Lahab yana bin fatake yana cewa su tsawwala kuɗi, shi zai biya duk asarar da suka yi. Kuma duk da tsaron, Abu Ɗalib bai saki jiki ba: in dare ya raba sai ya tashi Annabi (SAW) daga shimfiɗarsa ya sa wani daga 'ya'yansa ko 'yan'uwansa ya kwanta a wurin. A cikin wannan ƙunci aka haifi Abdullahi ɗan Abbas, shekara 3 kafin Hijira.

Ta yaya suka rayu har kusan shekara uku?

Da taimakon ɓoye. Hakim ɗan Hizam yana kai wa goggonsa Nana Khadija alkama, har wata rana Abu Jahal ya tare shi a hanya, Abul Bakhtari ya shiga tsakani, aka yi dambe. Amma dabarar Hisham ɗan Amr ita ce ke nuna siffar wurin ƙarara. Yakan labta wa raƙumi abinci da dare, ya ja shi zuwa bakin shi'ibin, ya zare akala, ya doki kwiɓinsa ya sake shi. Raƙumin ba shi da inda zai karkata, dutse ne ta ko'ina, dole ya miƙe har wurin mutanen. A fili wannan dabara ba za ta yi ba.

Hisham ɗin ne kuma ya fara ƙulla yadda za a yaga takardar. Ya je wa Zuhair ɗan Abu Umayya, wanda mahaifiyarsa Atika 'yar Abdul Muɗɗalib ce, ya zuga shi da maganar kawunnansa. Suka jawo Muɗ'im ɗan Adiyyu, da Abul Bakhtari, da Zam'a ɗan Aswad, su biyar, suka shirya da dare a Hajun, wani wuri a Makka. Da safe Zuhair ya miƙe a gaban jama'a ya ce ba zai zauna ba sai an kekketa wannan takarda ta zalunci, sauran suka riƙa mara masa baya ɗaya bayan ɗaya kamar ba su san juna ba. Abu Jahal ya gane, ya ce wannan abu da dare aka ƙulla shi. Da aka ɗauko takardar sai aka tarar gara ta cinye ta, in ban da "Bismikallahumma". A shekara ta 10 da aiko Annabi ke nan. Ba a daɗe da fitowa ba Abu Ɗalib ya rasu, Nana Khadija ta bi shi.

A nan kaɗai kalmar ta fito a Sira?

Ina! Da zarar kunnenka ya saba da ita za ka riƙa jin ta ko'ina. Musulmin farko a shi'ab ɗin Makka suke ɓuya su yi salla, kuma a ɗaya daga ciki ne Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya rotsa wa wani mushiriki kai da muƙamuƙin raƙumi, jinin farko da aka zubar saboda Musulunci. Mubaya'ar Aƙaba ta biyu, maza 73 da mata 2, a wani shi'ib aka yi ta a Mina cikin dare. A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya sauka ne a shi'ibin dutsen, ya ba dutsen baya, ya ajiye maharba 50 kan tudun da ke tsare inda za a iya zagayo su. A Hunaini, shekara ta 8, abin ya juye: Hawazinawa ne suka riga shiga, suka laɓe a shi'ab da matsatsun kwarin, rundunar mutum 12,000 ta shigo da duku-duku, kibau suka yi mata ruwa.

Bayan wannan yaƙi ne, da Ansar suka ji ba daɗi kan rabon ganima, Annabi (SAW) ya ce musu da mutane za su bi wadi, Ansar su bi shi'ib, da shi'ibin Ansar zai bi. Wanda ya fassara kalmomin biyu da "kwari" ya kashe maganar. Ai daɗinta shi ne kowa ya bi hanya mai faɗi, shi ya zaɓi matsattsiya saboda su.

Watan Sha'aban yana da alaƙa da ita?

Tushensu ɗaya. Bayanin da ya fi yawo a wurin malamai shi ne Larabawa suna watsuwa a cikinsa, ko neman ruwa, ko kai hari bayan Rajab mai alfarma ya ɗaure musu hannu wata guda. Wasu kuma suka ce don ya ratso tsakanin Rajab da Ramadan ne. A wurinmu ana ce masa watan sha ruwan tsofaffi, tunda a Rajab suke azuminsu, amma "sha" ɗin da ke farkon Sha'aban ba shan Hausa ba ne, dacewa ce kawai.

Sunan Shu'aibu fa?

Siffarsa siffar ƙanƙantawa ce a Larabci, kamar Hasan da Husaini, don haka zai iya zama ƙaramin sha'ab ko ƙaramin shi'ib. Masu nahawu suna lissafa shi cikin sunayen annabawa shida da ke karɓar tanwini, tare da Muhammadu, Salihu, Hudu, Nuhu da Luɗu. Shi ya sa muke karanta "akhahum Shu'aiban". Akwai kuma Shu'aiba, tsohuwar tashar jiragen ruwan Makka, inda masu hijirar farko suka hau jirgi zuwa Habasha a shekara ta 5 da aiko Annabi, kafin Halifa Usman ya mayar da tashar Jidda.

Na ji ana cewa "Ahlu Makkata adra bi shi'abiha". Me ake nufi?

Mutanen Makka su suka fi sanin lungunan duwatsunta. Karin magana ne, ba hadisi ba, duk da na sha jin ana jingina shi inda bai kamata ba. Ana kawo shi idan baƙo ya zo yana koya wa 'yan gida abin gidansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Tunda magudana ce, ba a yin ambaliya?

Ana yi, mai tsanani ma. Dutse ba ya shan ruwa. In aka yi sama kamar da bakin ƙwarya na awa guda, kowane shi'ib sai ya zama rariya, dukkansu kuma su juye a kwarin da Ka'aba take, a mafi gangaren wuri. A zamanin Halifa Umar ambaliya ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga inda yake, sai da aka nemo shi a ƙasan gari. Ta 1039 bayan Hijira, wato 1630, ta rusa bangon Ka'aba har Sarkin Musulmin Turkiyya na lokacin, Murad na 4, ya sa aka sake gina ta. A 1941 kuwa an ɗauki hoton ruwa ya cika Harami ana ɗawafi da iyo. Mutanen Agadas da na Tawa sun san wannan hali sarai a kori: wuri busasshe ƙayau da safe, da la'asar ya tafi da mota.

Larabawan yau suna amfani da kalmar?

Suna yi, amma 'yar'uwarta sha'ab ta danne ta. Ita ce a bakin 'yan siyasa, ita ce ta buɗe taken masu zanga-zangar 2011 a Tunisiya da Masar, daga ita aka samo sha'abi, wato abin talakawa, kiɗa ne ko abinci ko kasuwa. Shu'uba ta zama sashe a makaranta ko ma'aikata, likitoci kuma suna kiran rassan maƙogwaro da ke shiga huhu shu'ab. Ita shi'ab ta koma teku: duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa ake kira da ita, shi ya sa taswirar Bahar Maliya ta cika da sunan, daga gaɓar Masar har ta Sudan. A Najadu kuma ƙaramin kwari sha'ib suke ce masa.

Wace kalmar Hausa ta fi dacewa a fassara?

Babu wadda ta zauna daram, kuma dalilin a ƙasa yake. Yawancin ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsunmu a tsaitsaye suke ɗai-ɗai, ba jere ba. Kwari ya yi faɗi da yawa, kuma yana kawo wa mai sauraro hoton danshi da rake. Kwazazzabo ya fi kusa, yana da zurfi da ƙunci, sai dai namu yawanci ruwa ne ya zaizaye ƙasa ya haƙa shi, ba wanda zai gina gida a ciki. In ka ce an tsare su a kwazazzabo, yaro zai zaci rami aka tura su. Kogo kuskure ne kai tsaye, don shi'ib ba shi da rufi. Kwararo da lungu sun kamo ƙuncin da baki ɗayan, amma sun bar dutsen.

Abin da nake yi shi ne in bar kalmar yadda take a sunan wuri, in ce Shi'ib Abi Ɗalib, sannan in bayyana sau ɗaya: lungu ne tsakanin duwatsu biyu, mai shiga ɗaya, da gidaje a ciki. A sauran wurare, kamar Hunaini, kwazazzabo ta wadatar.

Alhaji zai iya ganin wurin yau?

Zai iya tsayawa a inda yake, amma ba zai ga abin da ya karanta ba. Daga baya sunan ya koma Shi'ib Ali, unguwar da ke maƙwabtaka da Suƙul Lail. Faɗaɗa Harami ya cinye gidajen, an sassare duwatsun, an huda ramukan mota ta cikinsu, wurin ya zama fili mai daɓe. In ka fito ta wajen Safa da Marwa ka fuskanci gabas, za ka hangi wani ƙaramin gini shi kaɗai a gefen filin, ɗakin karatu na Makka. An gina shi a inda ake cewa nan ne gidan haihuwar, wato wajen bakin shi'ibin. Ka ɗaga kai ka dubi ragowar dutsen da ke bayansa, ka ƙiyasta wani a ɗaya gefen, za ka samu kimanin faɗin wurin. Sunan kuma bai mutu ba: ɗan gaba kaɗan akwai tashar da motocin alhazai ke sauke mutane, ana ce mata Shi'ib Amir, lungun da ke maƙwabtaka da na Banu Hashim.